Yadda muka ba da shaida a shari'ar ƙarin kuɗin wuta a Pennsylvania

A jihar Pennsylvania ta Amurka, kamfanin wutar lantarki ba shi da ikon ƙara wa jama'a kuɗi don kawai ya ga dama. Dole ya kai buƙatarsa gaban hukumar jiha mai sa ido a kan kamfanonin wuta da gas da ruwa, wadda ake kira PUC, sannan ya sanar da kwastomominsa kwana 60 kafin ranar da yake so sabon farashi ya fara aiki. Tawa sanarwar ta zo ne a ambulan ɗaya da bil ɗin wata, takarda guda mai ƙananan rubutu. Ta faɗi ƙarin da kamfanin ke nema a shekara, da abin da zai hau kan gida mai matsakaicin shan wuta. Can ƙasa kuma ta nuna hanyoyi uku ga wanda bai yarda ba: ya rubuta wa hukumar wasiƙa, ko ya shigar da ƙara a hukumance ya zama ɗaya daga cikin masu shari'ar, ko ya je zaman jin ta bakin jama'a ya ba da shaida.

Maƙwabcina ne ya sa na bi maganar har ƙarshenta. Dattijo ne Bahaushe da ya haura saba'in, ya yi tuƙin tasi shekara da shekaru, yanzu yana zaune shi kaɗai a ɗaki da falo da ɗan fanshon gwamnati. Da yamma ya ƙwanƙwasa mini ƙofa riƙe da takardar.

"Malam, duba mini wannan. Turancin lauyoyi ya fi ƙarfina."

"Bismillah, Baba, shigo mu gani."

Muka shimfiɗa bil ɗinsa da nawa a kan tebur. Tun bayan dokar 1996 da ta buɗe kasuwar wuta a jihar, bil ɗin wuta kashi-kashi ne. Akwai kuɗin ita kanta wutar da aka samar, wanda mutum na iya zaɓen kamfanin da zai saya a wurinsa. Akwai kuɗin manyan layukan da ke ɗauko ta daga nesa, wannan kuma hukumar tarayya ce ke yanke shi. Sai kuɗin rabawa, wato na turaku da wayoyi da taransifoma da mitar da ke jikin bango. A nan babu zaɓi, kamfani ɗaya ne ke da wayar da ta shigo gidanka, kuma a kan wannan kashin ne ake shari'ar. Shi ma kuɗin rabawar gida biyu ne: wani ana lissafa shi da yawan kilowat ɗin da ka sha, wani kuwa tsayayye ne, kowane wata sai ka biya shi ko ba ka kunna ƙwan fitila ɗaya ba. Kamfanin yana neman ƙari a duka biyun, amma tsayayyen ne yake so ya ɗaga sosai.

Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato ko na kashe komai na zauna a duhu, wannan sai na biya?"

Na ce, "Sai ka biya, Baba."

Lissafin ba shi da wuya. A ce an ƙara dala 5 a tsayayyen kuɗin. Mai babban gida da ke biyan dala 250 a wata, kashi 2 cikin 100 aka ƙara masa. Mai biyan dala 40 kuwa an ɗora masa fiye da kashi 12, kuma tsimin wuta ba zai cece shi ba. Baba mutum ne da ke cire wayar talabijin daga bango kafin ya kwanta. Tsarin da kamfanin ya kawo irinsa ya fi dannewa.

A jikin sanarwar akwai lambar shari'ar, mai farawa da harafin R da shekarar da aka shigar da ita. Da na sa lambar a shafin intanet na hukumar, sai ga takardun kamfanin, shafi dubbai. A ƙarƙashinsu na ga wata gajeriyar ƙara daga wani ofishin gwamnati da ke Harrisburg, babban birnin jihar, yana ƙalubalantar ƙarin, yana neman a dakatar da shi a bincika. Ofishin Lauyan Kwastomomi ke nan, OCA a taƙaice. Majalisar jihar ce ta kafa shi a 1976. Yana ƙarƙashin inuwar ofishin Antoni Janar, shi ke zaɓen shugabansa, majalisar dattawan jiha ta tabbatar. Aikinsa shi ne ya tsaya wa masu biyan kuɗin wuta da gas da ruwa da tarho a gaban hukumar jiha da hukumomin tarayya da kotuna. Kuɗin tafiyar da shi ana karɓa ne daga kamfanonin, su kuma su fanshe a bil ɗinmu. Ashe tun tuni muna biyan lauya.

Ba Pennsylvania kaɗai ke da irinsa ba. Na Maryland ne mafi daɗewa, tun 1924. Yawancin sauran an kafa su ne bayan rikicin man fetur na 1973, lokacin da kuɗin wuta da gas ya yi tashin gwauron zabo, mutane suka lura cewa a zauren da ake yanke farashi kamfani na da lauyoyi, manyan masana'antu na da nasu, mai gida kuwa kujerarsa wayam. Florida ta kafa nata a 1974, Ohio a 1976, a 1979 kuma ofisoshin suka haɗu suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, NASUCA. Ba kuma abu ne da ba ya rushewa ba: jihar Georgia ta yanke wa nata kuɗi a 2008, ya daina aiki.

Na kira layinsu na kyauta. Matar da ta ɗauka ta saurare ni har na kai aya, sannan ta warware mini abin da ya kamata kowa ya sani tun farko. Ofishin ba lauyana ba ne ni kaɗai, ba kuma na Baba ba ne. Lauyan dukkan kwastomomi ne a dunƙule. Idan rigimar bil ɗina ce, ko an yi barazanar yanke mini wuta, za su iya ba ni shawara su nuna mini hanya, amma ainihin wurin kai wannan ƙorafi wani sashe ne na hukumar PUC. A shari'ar ƙarin farashi kuwa suna ciki tsundum, da lauyoyinsu da ƙwararrun da suke ɗauka haya. Na tambaye ta me mutum irina zai yi da zai amfane su. Ta ce in zo zaman jama'a, in yarda a rantsar da ni, in zo da bil ɗina na watannin baya, in faɗi abin da na sani da kaina, ban da jita-jita. Ta ce alƙali ba ya yanke hukunci sai da abin da ya shiga kundin shari'a, kuma maganar da aka yi bisa rantsuwa ce kaɗai ke shiga a matsayin hujja.

Ana cikin haka kwamishinonin hukumar suka zauna suka dakatar da ƙarin. Su biyar ne, gwamna ke naɗa su da amincewar majalisar dattawa, kowanne na shekara biyar. Doka ta ba su damar jinkirta babban ƙari har wata bakwai daga ranar da kamfani ya so ya fara, wato kusan wata tara ke nan daga shigar da buƙata zuwa hukunci. Suka miƙa shari'ar ga alƙalin hukumar, shi kuma ya tsara ranaku.

Kafin ranar zama na duƙufa a kan takardun kamfanin da daddare bayan na taso aiki. Ba duka na gane ba, kuma ba a rubuta su don irina ba, amma ƙashin bayan lissafin kowa zai iya kamawa. Kuɗin da ake barin kamfani ya tara a shekara ya ƙunshi abu huɗu: abin da yake kashewa wajen gudanar da aiki, kamar albashi da gyara da sare rassan itatuwan da ke taɓa waya; sai abin da ake ware wa tsufan kayan aiki; sai haraji; sai riba a kan jarin da ya zuba a turaku da wayoyi da tashoshi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kamfani ba ya cin riba a kan albashi ko gyara, abin da ya kashe shi ake mayar masa. A kan jari yake ci. Don haka duk sabon abin da ya gina, ribarsa ta ƙaru. Ban ce gina sabbin layuka laifi ba ne, tsofaffin turaku na faɗuwa, guguwa na tsinka waya, kowa na son wuta ta tsaya. Amma wanda ribarsa ke ƙaruwa da yawan gini bai kamata a bar shi shi kaɗai ya faɗi yawan ginin da ake bukata ba. Dole a sami mai tambaya, mai ilimin abin, wanda kuma ba kamfanin ke biyansa albashi kai tsaye ba.

Babbar fafatawa a kan ribar masu hannun jari ake yin ta. Kotun Ƙolin Amurka ta aza harsashin a shari'u biyu da har yau kowane ɓangare ke kafa hujja da su, ta Bluefield a 1923 da ta Hope a 1944. Abin da suka tsayar shi ne, kamfani na da haƙƙin samun riba daidai da ta wasu harkokin da ke da haɗari irin nasa, wadda za ta isa ya riƙe mutuncinsa wajen masu ba da bashi ya kuma jawo jari, kuma dole a auna bukatar masu jari da ta kwastomomi. Kotun ba ta faɗi adadi ba. Saboda haka kamfani zai kawo masanin tattalin arzikinsa ya ce sai an haura kashi 10 cikin 100, Lauyan Kwastomomi ya kawo nasa masanin ya ce ƙasa da haka ya wadatar. A 'yan shekarun nan abin da hukumomin jihohi ke amincewa da shi yana kai-komo ne tsakanin kashi 9 da 10. Tazarar kamar ba komai ba ce sai an buga lissafi. A ce jarin kamfani dala biliyan 4 ne, rabinsa bashi, rabinsa na masu hannun jari. Kashi 1 kacal a kan dala biliyan 2 ya zama dala miliyan 20 duk shekara, ban da harajin da za a ɗora a kai, kuma daga aljihun mutane irin Baba za a tattaro shi.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da sai mai haƙuri ke tono su. Dokar jihar ta hana a caji kwastomomi kuɗin tallan siyasa, da kuɗin shiga kulob-kulob na manyan ma'aikata. Ta kuma ce a kamfanin wuta, kadarar da ba ta fara yi wa jama'a aiki ba, ba a cin riba a kanta. Amma tun dokar 2012 an yarda kamfani ya gina lissafinsa a kan shekarar da ba ta zo ba, wato hasashen abin da zai kashe da ma'aikatan da zai ɗauka. To wa zai duba ko guraben aikin da aka sa a lissafi an taɓa cike su? Wa zai tambaya ko garaɓasar da ake ba manyan shugabanni saboda hannun jari ya tashi, mu ya kamata mu biya ko masu hannun jarin? Akantocin da ofishin ke ɗauka ne ke aika wa kamfani rubutattun tambayoyi, ɗaruruwa, kuma dole ya amsa. Nauyin kawo hujja a kan kamfani yake, shi zai nuna cewa farashin da yake nema adalci ne kuma daidai. Wani abin da ya sosa mini rai shi ne, kuɗin da kamfani ke biyan lauyoyinsa da masanansa a wannan shari'a shi ma ana raba shi a kan 'yan shekaru a zuba a bil ɗinmu. Mu ke biyan mai neman ƙarin, mu ke biyan mai hana shi, kuma aljihun ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne.

Bayan an san girman kayan, sai maganar wa zai ɗauki nawa: gidaje, ƙananan 'yan kasuwa, manyan masana'antu. A nan na gane dalilin cika zauren da lauyoyi. Ƙananan 'yan kasuwa suna da nasu ofishin gwamnati da aka kafa a 1988. Masana'antu suna haɗa kuɗi su ɗauki nasu. Hukumar da kanta tana da sashen bincike mai shiga shari'a da sunan maslahar jama'a baki ɗaya. Akwai lauyoyi masu zaman kansu da ke tsaya wa masu ƙaramin ƙarfi. Dukkansu za su iya haɗa baki a kan rage abin da kamfani zai samu, amma da an zo rabon nauyi, kowa nasa yake karewa, don abin da aka sauke wa masana'anta kan mai gida zai koma.

An sa zama iri biyu, na zuwa da ƙafa da na tarho, wanda sai an yi rajista tukuna. Mai bukatar tafinta yana iya nema, amma da wuri. Na yi wa Baba tayin haka, ya ce a'a.

"Turancin da na yi tasi da shi shekara talatin zai ishe ni in faɗi abin da ke damuna."

Muka je na yamma, a wani ɗakin taro da aka ara. Alƙali na zaune a gaba, kusa da shi mai ɗaukar bayanin kotu da ƴar na'urarta, a gefe guda lauyoyin kamfani, a ɗaya gefen sauran ɓangarori. Kowane lauya ya tashi ya gabatar da kansa a taƙaice. Lauyar OCA ta ce ita da abokin aikinta za su tsaya bayan an tashi ga duk mai tambaya. Alƙali ya yi bayanin zaɓin da kowa ke da shi: ka yi rantsuwa, maganarka ta shiga kundi, lauyoyi su sami damar yi maka tambaya, ko ka yi magana ba rantsuwa, a saurare ka amma ba za a yi hukunci da ita ba, ko ka ba ɗaya daga cikin lauyoyin gwamnati bayaninka su yi amfani da shi in sun ga ya dace. Na ga wasu sun ja da baya da jin kalmar tambaya. Babu abin tsoro a ciki. Yawancin waɗanda suka yi magana ba wanda ya tambaye su komai.

Wata mata ta yi bayanin ɗanta da ke kwana da na'urar numfashi, ta ce ita ba ta da wutar da za ta rage. Wani tsohon malamin makaranta ya zo da bil na shekaru a jere cikin fayil, ya karanto yadda tsayayyen kuɗin ya riƙa hawa, aka karɓi takardunsa aka sa musu lamba a matsayin hujja. Wani ya tashi ya zazzaga faɗa a kan gwamnati da 'yan siyasa har lokacinsa ya ƙare. Na fahimci zafinsa, amma bai bar wa alƙali abin da zai riƙe ba. Akwai kuma waɗanda suka goyi bayan kamfanin, wani ɗan kwangila da wakilin wata ƙungiyar agaji. Lauyar OCA ta yi wa na biyun tambaya cikin ladabi, ko ƙungiyarsa na karɓar gudummawa daga kamfanin, ko kuma kamfanin ne ya nemi ya zo. Ya amsa da gaskiya cewa haka ne. Ba ta ƙara komai ba, ta zauna. Amsar ta riga ta shiga kundi.

Da aka kira ni na ɗaga hannu na yi rantsuwa, na faɗi sunana harafi-harafi da adireshina, na tabbatar ni kwastoman kamfanin ne. Na riga na rubuta abin da zan faɗa a shafi ɗaya. Abu biyu na tsaya a kai. Na farko, na nuna da bil ɗina cewa iyalina sun rage shan wuta, mun canja ƙwayayen fitila, mun rage sanyaya ɗaki a lokacin zafi, amma kashin rabawa bai sauka yadda ya kamata ba, kuma ɗaga tsayayyen kuɗi zai ƙara kashe amfanin tsimi. Na biyu, na faɗi yadda wuta ke yawan ɗaukewa a layinmu in an yi iska, da abin da muka zubar daga firji a bazarar da ta wuce, na roƙi a tambayi kamfanin me ya yi da ƙarin da aka ba shi a baya kafin a ba shi wani.

Sai Baba. Ya tafi a hankali da sandarsa, ya gaida alƙali da girmamawa, ya yi rantsuwa. Bai yi doguwar magana ba. Ya faɗi abin da ke shigo masa a wata, ya faɗi kuɗin haya, ya faɗi na magani, ya ce abin da ya rage shi yake rabawa tsakanin abinci da wuta. Ya ce shi bai ƙi a gyara waya ba, amma a caje shi gwargwadon abin da ya sha. Lauyan kamfani ya tashi ya tambaye shi ko ya san da shirin rangwame na masu ƙaramin ƙarfi. Baba ya ce bai taɓa ji ba. Lauyan ya ce akwai ma'aikatansu a teburin baya da za su taimaka masa kafin ya tafi, kuma sun taimaka ɗin. Amma ita ma wannan amsa ta Baba hujja ce: ga mutumin da ya cancanci shirin shekaru, labarin bai kai gare shi ba.

A mota ya ce mini, "Malam, kana ganin sun ji?"

Na ce, "An rubuta, Baba. Sauran sai mu bi mu gani."

Abin da ya biyo baya duk a takarda aka yi shi. Masanan kowane ɓangare suka gabatar da rubutacciyar shaida, kamfani ya mayar da martani, su ma suka mayar masa. Aka sa ranar zaman da lauyoyi za su yi wa masana tambayoyi a Harrisburg. Kafin a kai ga ƙarshen wannan, sai ga sanarwa a shafin shari'ar cewa ɓangarorin sun daidaita. Hukumar da ma manufarta ce ta ƙarfafa sulhu, kuma yawancin irin waɗannan shari'u a jihar da sulhu suke ƙarewa.

Na karanta yarjejeniyar daga farko har ƙarshe. Kamfanin ya sami ƙari, amma ƙasa da abin da ya nema nesa ba kusa ba. Tsayayyen kuɗin ya ɗan motsa sama, bai kai ko kusa da inda aka so kai shi ba. Kamfanin ya ɗauki alkawarin ba zai sake shigar da buƙatar ƙari ba sai bayan wani wa'adi da aka rubuta, ya kuma yarda ya faɗaɗa yadda yake sanar da mutane shirin rangwame, ya riƙa ba da rahoto a kan layukan da suka fi yawan ɗaukewar wuta. Kowane ɓangare ya haɗa da takardar dalilin amincewarsa. A ta OCA na ga an kafa hujja da shaidar jama'a, an ambaci shafukan kundin da maganar tsayayyen kuɗi ta fito, da na dattijon da bai san da rangwame ba. Na buga shafin na kai wa Baba.

Akwai abin da har yanzu bai kwanta mini ba. Irin wannan sulhu a dunƙule ake yin sa: an amince da jimillar kuɗin da za a ƙara, amma ba a faɗi kashi nawa aka bar wa masu hannun jari ba, ba a kuma faɗi wane kashe-kashe aka soke wane aka bari ba. Dalilin da masu yin sa ke bayarwa shi ne, da za a ce sai an daidaita a kan kowane layi, da ba za a taɓa daidaitawa ba, kuma abubuwa irin alkawarin jinkirta ƙari na gaba ba a samun su ta hanyar hukunci, sai ta sulhu. Ofishin OCA ya ce adadin yana cikin abin da ake tsammanin samu ko da an yi shari'ar har ƙarshe. Na yarda sun fi ni sanin abin da za su iya ci da abin da za su iya faɗuwa a kai, kuma na ga aikin da suka yi da ƴan ma'aikatan da suke da su. Duk da haka ina ganin wanda ake cire wa kuɗi kowane wata ya cancanci ya san ribar da ake ci a kansa. Waɗanda suka shigar da ƙara a hukumance an aika musu yarjejeniyar an ba su damar amincewa ko ƙin amincewa a rubuce. Mu da muka ba da shaida kawai ba mu da wannan dama, kuma wannan bambanci ne da ya kamata mutum ya auna tun ranar da sanarwa ta zo masa.

Alƙali ya rubuta shawararsa, ya taƙaita abin da kowane mai shaida ya faɗa, ya ce a amince da sulhun. Kwamishinoni suka kaɗa ƙuri'a a zamansu na bainar jama'a, wanda ake nunawa kai tsaye a intanet, suka amince. Da wani ɓangare bai gamsu ba, yana da hanyar ɗaukaka ƙara zuwa kotun jiha mai duba hukuncin hukumomin gwamnati. Babu wanda ya ɗaukaka.

Bil ɗina ya ƙaru. Na Baba kuwa ya sauka, ba don shari'ar ba, sai don an sa shi a shirin rangwamen, inda ake daidaita abin da mutum zai biya da abin da yake samu. Da kaka ta yi na raka shi ya cike takardar tallafin ɗumama gida na gwamnatin tarayya, LIHEAP, wanda ake buɗewa wajen watan Nuwamba. A nan ne kuma aka yi masa bayanin cewa daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris ba a yanke wa gida mai ƙaramin ƙarfi wuta sai da izinin hukumar, kuma takardar likita tana tsayar da yankewa na kwana 30 ga mai rashin lafiya.

Wa'adin da kamfanin ya ɗauka bai rufe kowace ƙofa ba. Dokar nan ta 2012 ta ba kamfanoni damar sa wani ƙaramin caji na daban don mayar da kuɗin sauya tsofaffin kayan aiki tsakanin shari'a da shari'a. Ana mayar da shi sifili in sabon farashi ya fara aiki, daga baya ya soma hawa kaɗan-kaɗan har iyakar da aka ƙayyade masa. Yana da layinsa a jikin bil, kuma shi nake dubawa yanzu duk wata, a nawa da na Baba.